Kamu da Gaba da Taku: Yadda Za Ka Mai da Su Yadi

Tun kafin Turawa su zo ƙasar Hausa mutanen Daura suna da awonsu. Masaƙi yana auna sawayensa, mai haƙar rijiya yana auna zurfinta, manomi yana auna gonarsa, kuma ba wanda ya taɓa sayen ma'auni a kasuwa, domin ko wane mutum yana yawo da nasa a jikinsa. Har yau ba a bar wannan awo ba. Amma yanzu mai sayar da tufa da yadi ya ke magana, maɗinki da inci, mai sayar da fili kuwa da ƙafa. Wanda bai san yadda zai haɗa tsohon awo da sabo ba, sai abin da aka gaya masa. In an yi masa gaskiya, to, ya yi sa'a. In an tauye shi ba zai sani ba sai ya kai wa maɗinki, a ce masa tufar ba ta isa ba. Wannan darasi zai nuna maka hanyar lissafin, don ka riƙa bincikawa da kanka.

1. Awon da muka gada

Ga su nan, daga ƙaramin zuwa babban.

Taƙi shi ne daga kan babban yatsa zuwa kan manuniya, in ka buɗe su iyakar buɗewa.

Dani shi ne daga kan babban yatsa zuwa kan dogon yatsan tsakiya. Ya ɗara taƙi kaɗan.

Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa. Malamai su kan ce zira'i, watau sunansa na Larabci. Da shi a ke auna tufa da rawani da tabarma.

Taku shi ne ratar da ke tsakanin ƙafafunka in kana tafiya. Wasu su kan ce taki. Ka lura da rubutun: taƙi na hannu da ƙ mai lanƙwasa a ke rubuta shi, taki na ƙafa kuwa da k marar lanƙwasa.

Gaba shi ne daga kan yatsan hannun dama zuwa kan yatsan hannun hagu, in ka miƙe hannuwanka duka biyu. Da shi a ke auna igiya da zurfin rijiya. Gaban mutum kusan daidai ya ke da tsayinsa.

2. Inda awon jiki ya gaza

Wannan awo yana da amfani ƙwarai, gama ba ya ɓata, ba a kuwa manta shi a gida. Aibinsa ɗaya ne: Allah bai halicci mutane tsayi ɗaya ba. Kamun dogo ya fi na gajere. In ka tara maza goma a kasuwar Daura ko ta Mai'adua ka auna hannuwansu, da wuya ka sami uku da suka zo daidai. Shi ya sa tun dā mai saye ya kan so a auna da hannun dogo, mai sayarwa kuwa ya fi son hannun gajere.

In abin da za a auna kaɗan ne, bambancin ba ya damun kowa. Amma duk sa'ad da ka sake ɗora hannu, kuskuren yana ƙaruwa. Ɗan abin da bai kai faɗin yatsa biyu ba a kamu ɗaya, in ya taru sau ashirin ya isa hannun riga. Saboda haka a ke bukatar awo wanda ba ya bin jikin kowa.

3. Mene ne yadi?

Yadi awon Ingila ne. Su ma can daga jikin mutum suka faro, gama ana ba da labari cewa da hannun wani sarkinsu, Henry na Ɗaya, wanda ya yi sarauta daga 1100 zuwa 1135, aka tsai da tsawonsa. Daga baya suka ƙera sandar ƙarfe suka ajiye a majalisarsu, suka ce ita ce uwar yadi, ko wane ma'auni sai a gwada shi da ita. A 1834 gobara ta cinye majalisar, sandar ta lalace. Aka ƙera wata ta tagulla, aka tabbatar da ita da doka a 1855. A 1959 Ingila da Amurka da waɗansu ƙasashe huɗu suka shirya a kan tsawo guda, wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Don haka yadin Daura da na Kano da na Landan duk ɗaya ne.

An raba yadi kamar haka:

Inci 12 su ne ƙafa 1.
Ƙafa 3 su ne yadi 1.
Inci 36 su ne yadi 1.
Yadi 1,760 su ne mil 1.

Kada sunan ƙafa ya ruɗe ka. Ƙafar awo inci 12 ce cif, amma tafin ƙafar yawancin mutane bai kai haka ba. Wanda ya auna fili da tafin ƙafarsa, ya ƙirga 50, bai sami ƙafa 50 ba.

Ka sani kuma, yadi tsawo kaɗai ya ke faɗa, ba ya faɗin faɗi. Yadi 10 na sawaye, da ba su wuce faɗin tafin hannu ba, ba ɗaya su ke da yadi 10 na atamfa ba. In za ka sayi tufa ka tambayi faɗinta tukuna.

4. Jadawalin da za ka haddace

Tun da jikin mutane ya bambanta, sai mu ɗauki ƙiyasi mai sauƙin lissafi:

Taƙi 1 kamar inci 6 ne, watau taƙi 6 su ne yadi 1.
Dani 1 kamar inci 9 ne, watau dani 4 su ne yadi 1.
Kamu 1 kamar inci 18 ne, watau kamu 2 su ne yadi 1.
Taku 1 kamar inci 30 ne, watau taku 6 su ne yadi 5.
Gaba 1 kamar inci 72 ne, watau gaba 1 yadi 2 ne.

Wannan jadawali na kintace ne. Danin mutane da yawa bai cika inci 9 ba, kuma sai dogon mutum ke da gaba mai inci 72. Ka yi aiki da shi in kana son ka san kusan abin da za ka saya. In kuɗi ko iyakar gona na ciki, sai ka bi hanyar da za a nuna maka a kashi na 8.

5. Kamu da dani: awon tufa

In za ka mai da kamu yadi, raba shi biyu. Kamu 24 yadi 12 ne. Kamu 15 yadi 7 ne da rabi, gama 14 in an raba biyu 7 ne, saura kamu ɗaya, shi ne rabin yadi. In kuwa yadi za ka mai da kamu, ninka shi biyu. Turmin atamfa mai yadi 6 kamu 12 ke nan.

In za ka mai da dani yadi, raba shi huɗu. Dani 20 yadi 5 ne. Dani 10 yadi 2 ne da rabi.

Yanzu ga abin da tsawon hannu ke jawowa. A ce mutum biyu ko wanne ya auna kamu 24 na farin yadi. Kamun na farko inci 17 ne, na biyu inci 20.

Na farko: 24 sau 17 ya ba da inci 408. In ka raba da 36 za ka sami yadi 11, saura inci 12.
Na biyu: 24 sau 20 ya ba da inci 480. In ka raba da 36 za ka sami yadi 13, saura inci 12.

Dukansu sun ce kamu 24, ba kuwa wanda ya yi ƙarya, amma yadi 2 cur ke tsakaninsu. In ana sayar da yadi ɗaya naira 1,500, bambancin naira 3,000 ne. Mutumin da ya aiki ɗansa kasuwa ya ce a yanko masa kamu kaza, ya kamata ya fara sanin yadi nawa ne kamun nan nasa, sa'an nan ya faɗi yadin.

6. Gaba: awon rijiya

Mutanen Daura ba sai an gaya musu darajar rijiya ba, tun da labarin garinsu ma a bakin rijiyar Kusugu ya ke. In za ka mai da gaba yadi, ninka shi biyu. Rijiya mai gaba 12 yadi 24 ce. In igiyar guga za ka saya, ka ƙara kamar yadi 2, domin ɗaurin guga da abin da za ka riƙe a hannu. Igiyar da ta yi tsawo ana iya naɗe ta, wadda ta gaza ruwa kuwa ba ta da amfani.

Nan ma akwai wurin rigima. A kan yi jinga da masu haƙar rijiya a kan ko wane gaba kaza. A ce an haƙa rijiya zurfinta yadi 22, watau inci 792. Mai haƙa gajere ne, gabansa inci 66. Ya auna ya sami gaba 12, gama 12 sau 66 shi ne 792. Mai rijiya dogo ne, gabansa inci 72. Shi kuma ya auna ya sami gaba 11, gama 11 sau 72 shi ma 792 ne. Wannan ya ce a biya shi ladan gaba 12, wancan ya ce sai 11, har a kai ga zagi, alhali rami ɗaya ne. Maganin abin shi ne tun ran da za a yi jinga a yanki kara a gaban shaidu, a ce wannan shi ne gaba, a kuma faɗi incinsa. Kara ba ya tsawo da dare.

7. Taku: awon gona da fili da hanya

In za ka mai da taku yadi, ninka shi biyar, sa'an nan ka raba shida. Taku 60 sau 5 ya ba da 300, a raba da 6 ya zama yadi 50. Taku 84 yadi 70 ne. Gonar da ko wane gefenta ya kai yadi 70 ta ɗara eka ɗaya da ɗan kaɗan. Wannan ya kamata manomi ya sani, gama da eka ko hekta ma'aikatan gona ke ƙiyasta iri da takin zamani.

Filin gida da a ke cewa hamsin da ɗari, ƙafa 50 ne a faɗi, ƙafa 100 a tsawo. In za ka mai da ƙafa yadi, raba ta uku. Ƙafa 50 yadi 16 ne da ƙafa 2, ƙafa 100 kuwa yadi 33 ne da ƙafa 1. Da taku kuwa, kamar 20 ne a faɗi, 40 a tsawo. Kafin ka biya kuɗi ka taka filin da kanka. In ka ƙirga 17 inda ya kamata ka sami 20, ka ce a kawo ma'auni.

Awon taku ba sabon abu ba ne wurin hukuma. A farkon zamanin Turawa a ƙasar Kano an ɗauki malamai suna bin gonaki suna takawa, ana yanka haraji a kan abin da suka ƙirga. Ana kiransu malaman taki. Ka ga ke nan tsawon ƙafar wani yana iya ƙara wa talaka haraji ko ya rage masa.

Haka kuma wajen rabon gādo. A ce gefen gona yadi 90 ne, watau inci 3,240. Wa ya taka da taku mai inci 30, ya ƙirga 108. Ƙane ya taka da taku mai inci 27, ya ƙirga 120. In an rubuta a takarda cewa rabon wane taku 54 ne, ba a faɗi takun wa ba, to, an shuka husuma wadda 'ya'yansu za su girba. In an rubuta yadi 45 kuwa, ko bayan shekara hamsin duk wanda ya zo da ma'auni zai sami iyakar inda aka bar ta.

Game da hanya, mil ɗaya taku 2,112 ne. Daga Daura zuwa Katsina kamar mil 50 ne, watau yadi 88,000. Fatake na dā da zango su ke ƙirga tafiya, amma zango ba ya komawa yadi, domin ya danganta ga inda ruwa ya ke da ƙarfin jakuna. Sa'an nan mil ɗin da ke cikin littattafan fiƙihu, inda aka ce nisan da matafiyi zai yi ƙasaru mil 48 ne, da zira'i a ke lissafinsa, kuma ba shi ne mil na Ingila ba. Wannan sai ka tambayi malaminka.

8. Hanya ɗaya mai warware duka

Abin da ya fi jadawali shi ne ka san awon jikinka. Je wurin maɗinki ka ce, “Malam, don Allah ara mini tef ɗinka in auna hannuna.” Ka auna taƙinka da daninka da kamunka da gabanka, ka rubuta incin ko wanne a bayan wannan littafi. Jikin baligi ba ya sākewa, awo ɗaya ya ishe ka shekaru.

Ka duba da kyau, tef fuska biyu gare shi. Fuskar da lambobinta ke da rata ita ce ta inci, yawanci ta kan tsaya a 60. Wadda lambobinta suka matsu ta santimita ce. Kada ka haɗa su.

Taku kuwa ga yadda za ka san naka. Auna yadi 50 a wuri mai baje, ka sa dutse a farko da ƙarshe. Yi tafiyarka ta kullum, kada ka buɗa ƙafa, kana ƙirgawa. Yi haka sau uku ka ɗauki na tsakiya. Yadi 50 inci 1,800 ne, sai ka raba 1,800 da yawan takunka. In ka ƙirga 60, takunka inci 30 ne. In ka ƙirga 72, inci 25 ne. Ka tuna taku ya kan gajarta cikin rairayi, da kan kunya, da kuma in mutum ya gaji.

Da ka san waɗannan, ƙa'idar ɗaya ce tak. Yawan abin da ka ƙirga, ninka shi da incinsa, sa'an nan ka raba da 36. Abin da ya fito yadi ne, abin da ya saura inci ne. Misali, kamunka inci 19 ne, ka auna igiya ka sami kamu 10. To, 10 sau 19 ya ba da 190. A cikin 190 akwai 36 sau 5, watau 180, saura 10. Igiyar yadi 5 ce da inci 10.

9. Ka yi sandar yadi taka

Sami sanda miƙaƙƙiya busasshiya, ko gora. Gwada ta da tef, ka yanke ta a kan inci 36 daidai. Sa'an nan ɗauki zare, ka yanke shi tsawon sandar. Ninka zaren biyu ka ɗora, ka yi tsaga da wuƙa inda ya tsaya: wannan shi ne kamu, inci 18. Sake ninkawa ka sami dani, inci 9. Warware zaren ka ninka shi uku, ka sami ƙafa, inci 12, ka yi mata tsaga a ɗaya gefen sandar don kada su rikita ka.

Domin gona, sami igiya mai ƙarfi, ka auna yadi 10 da sandar, ka ƙulla ƙulli a ko wane yadi. Amma igiya ta kan miƙe in an daɗe ana janta, ta kan kuma tsuke in ta jiƙe. Saboda haka duk ran da za a yi awo mai muhimmanci ka sake gwada ta da sandar a gaban mutanen da abin ya shafa.

10. Mita

Akwai wani awo kuma da ya wajaba mutumin Daura ya sani. Tsakanin 1906 da 1908 Turawan Ingila da na Faransa suka bi ƙasar nan suna kafa alamun iyaka. Abin da ke arewa da iyakar ya zama na Faransa, shi ne ƙasar Nijar a yau, kuma su Faransawa da mita su ke awo. In ka wuce Kwangwalam ka nufi Damagaram, mita za ka fi ji. A shekarun 1970 gwamnatin Nijeriya ita ma ta koma awon mita, shi ya sa allunan hanya ke nuna kilomita. Masu tufa da maɗinka dai ba su bar yadi ba.

Mita ta fi yadi tsawo da inci 3 da ɗan ɗoriya. Ka riƙe wannan: mita 11 kusan yadi 12 ne, kilomita 8 kuma kusan mil 5 ne. Wanda ya sayo tufa da mita ya sayar da yadi a kan kuɗi ɗaya, yana da ribar yadi guda a cikin ko wane goma sha biyu. Wanda ya yi alkawarin mita ya auna da yadi kuwa ya tauye abokin cinikinsa, ko da bai nufa ba. Tauye awo abu ne da addini ya hana, rashin sani kuwa ba ya mayar wa mutum da abin da aka rage masa. In za ku yi ciniki da baƙo, ku fara shiryawa a kan ma'auni kafin ku shirya a kan kuɗi.

Tambayoyi

Yi waɗannan a kan allo ko takarda. Kada ka dubi amsa sai ka gama.

1. Kamu 30 yadi nawa ne?
2. Dani 14 yadi nawa ne?
3. Taƙi 15 yadi nawa ne?
4. Rijiya gaba 9 ce. Igiya yadi nawa za ka saya, in ka ƙara yadi 2?
5. Gefen gona taku 72 ne. Yadi nawa ne?
6. Kamun wani inci 19 ne, ya auna kamu 36. Yadi nawa ya auna? Da yadi nawa ya wuce lissafin jadawali?
7. Mita 22 kusan yadi nawa ne?

Amsoshi

1. Yadi 15.
2. Yadi 3 da rabi.
3. Yadi 2 da rabi.
4. Yadi 20.
5. Yadi 60.
6. Yadi 19. Jadawali ya ba da 18, ya wuce da yadi 1.
7. Yadi 24.

In ka ci biyar daga cikin bakwai, ka fahimci darasin. In ba ka ci ba, koma kashi na 4 da na 8 ka sake karantawa a hankali, sannu ba ta hana zuwa. Bayan haka ka auna ɗakinka, da zaurenka, da igiyar rijiyar unguwarku, ka rubuta ko wanne da kamu da kuma yadi. Sa'an nan ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya karatu ba tukuna, ka taimake shi ya yanki tasa sandar.